Maɓallan Cikin Mota da Tuƙi Cikin Aminci: Tambayoyi da Amsoshi

Akasarin motocin da ke yawo a titunanmu sun sha wata rayuwar a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas. Littafin da ke bayanin maɓallansu ya ɓace a hanya, in ma an same shi a aljihun dashbod sai ka tarar da Jamusanci aka rubuta shi. Dillali ya nuna maka totur da birki da rediyo, sauran kuma sai abin da ka tsinta a bakin makanike ko a majalisa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyon tuƙi da waɗanda suka sayi motar farko suka fi yi mini. Wasu ma tsofaffin direbobi ne ke yin su, amma sai sun ja ni gefe tukuna.

Tambaya: Malam, in na bar mota a rana ta zama kamar tanda. Yaya zan yi ta yi sanyi da wuri?

Amsa: Kada ka shiga ka rufe gilasai ka ƙure esi nan take. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke kaiwa digiri 40, cikin motar da ta yi awa guda a rufe yana iya kaiwa digiri 60, wato iskar waje ta fi ta ciki sanyi nesa ba kusa ba. Sauke gilasai duka, ka tayar da mota, ka kunna fanka, ka yi tafiyar minti biyu ko uku a haka har zafin ya fice. Daga nan ka ɗaga gilasai, ka danna maɓallin esi, sannan ka danna maɓallin da aka zana mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta.

Wannan maɓalli na ƙarshe shi ne mutane da yawa ba su san aikinsa ba. Idan yana kunne, motar ta rufe ƙofar iskar waje, iskar cikin ɗaki take sake sanyayawa, shi ya sa sanyi ke kamawa da sauri. Shi ne kuma garkuwarka in ka faɗa bayan tifa mai hayaƙi, ko ka ratsa wurin da ake ƙona bola, ko ƙurar hunturu ta taso. Illarsa ɗaya ce: a doguwar tafiya da mota cike da mutane, numfashinku ne ke ta zagayawa, iskar takan yi nauyi, direba ya fara hamma. Don haka lokaci zuwa lokaci a kashe shi na 'yan mintoci, sabuwar iska ta shigo.

Tambaya: Gaskiya ne esi yana shan mai? Tunda aka cire tallafi na daina kunnawa.

Amsa: Yana sha. Kwamfiresonsa da bel yake haɗe da inji, duk lokacin da ya kama sai injin ya ƙara ƙoƙari. Tun daga ƙarshen watan Mayun 2023 da farashin fetur ya yi tsalle, mutane da yawa sun koma sauke gilashi, kuma a cikin gari, inda ake tafiya a hankali ana tsayawa, lissafinsu daidai ne. A babbar hanya lissafin yana sauyawa. Mota tana gudun kilomita 100 a awa da gilasai huɗu a sauke, iska na shiga tana riƙe ta, abin da ka tsimi a esi wani kaso nasa ya tafi a nan. Ga ƙara, ga ƙura, ga gajiyar da iska mai zafi ke sa wa direba. Ni dai daga Kano zuwa Kaduna ba na jayayya da kaina, rufewa nake yi in kunna.

Ko ka yi niyyar tsimi, ka riƙa kunna shi na minti goma a kowane mako. Akwai mai da ke zagayawa tare da gas ɗin da ke cikin esi yana jiƙa robobin da ke riƙe shi, in aka daɗe ba a kunna ba sai su bushe gas ya fara zurarewa.

Tambaya: Motata daga Amurka ta zo, a wajen esi ina ganin 68, 72, 75. Mene ne wannan?

Amsa: Ma'aunin zafi ne irin nasu. 72 a wurinsu daidai yake da digiri 22 a namu, 75 kuma kusan 24. Ka saita tsakanin nan ka danna AUTO, motar da kanta za ta riƙa ƙara fanka tana ragewa.

Amma tunda ka ambaci motar Amurka, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Dubi agogon gudunka da kyau. Manyan lambobin da ke jikinsa mil ne, kilomita su ne ƙananan da ke ciki. Mil 60 kusan kilomita 97 ne. Mil 80 ya kai kilomita 129. Na taɓa zama a gefen wani bawan Allah da ke ta rantsuwa bai wuce 80 ba, alhali allurar tana kan 80 na mil, bishiyoyin gefen hanya kuwa wucewa suke kamar an harbo su. Bai yi ƙarya ba, motarsa ce bai iya karantawa ba.

Tambaya: Esi ɗina ya rage sanyi. Makanike ya ce a ƙara gas. In ƙara?

Amsa: Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar fetur. A rufe yake zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake fita, kuma in ba a toshe wurin ba bayan 'yan makonni za ka dawo ka sake biya. Kafin ma a kai ga gas, a duba abu biyu masu araha. Na farko matatar iska da ke bayan aljihun dashbod a yawancin motoci. A ƙasar ƙura irin tamu, hunturu ɗaya ya isa ya toshe ta, fanka na ta ruri amma iska ba ta fitowa. Na biyu kwandansa, wadda ke gaban lagireto, in laka da ƙwari sun liƙe ta ba ta iya fitar da zafi. In har gas ɗin ne, akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ta faɗi irin wanda motar ke ɗauka da nauyinsa. Galibin motocin da ke hannunmu R134a suke sha, sababbi kuma R1234yf, ba a cakuɗa su.

Ruwan da kake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota bayan ka yi amfani da esi ba matsala ba ne, laimar iska ce aka tatse.

Tambaya: Da damina gilashi yakan yi hazo daga ciki har ba na ganin gaba. Ina gogewa da hannu yana dawowa.

Amsa: Numfashin mutanen ciki da jiƙaƙƙun kaya ne ke kwanciya a kan gilashin da ruwan sama ya sanyaya. Nemi maɓallin da aka zana gilashi mai lanƙwasa da kibiyoyi uku masu karkacewa, shi ne ke tura iska gilashin gaba. Kunna esi tare da shi ko da sanyi kake ji, domin esi busar da iska yake yi, sannan ka kashe maɓallin zagaya iskar ciki. Cikin ƙanƙanin lokaci zai washe. Mai zanen murabba'i na gilashin baya ne, yana ɗumama siraran layukan da kake gani a jikinsa. Shi ya sa ba a kankare gilashin baya da reza wajen cire sitika.

Tambaya: An ce hatsari ne a kwana cikin mota da esi a kunne. Me ya sa?

Amsa: Ba esin ne ke kisa ba, hayaƙin salansa ne. Yana ɗauke da wata iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda janareto ke fitarwa. In mota na tsaye a gareji rufaffe, ko an jingina bayanta da bango, ko salansa ta huje a ƙasa, hayaƙin yana samun hanyar shiga. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, barci ya ƙara nauyi, daga nan ba ya iya tashi. In dole ka huta a hanya, ka nemi fili mai iska da tsaro, ka kashe inji, ka ɗan sauke gilashi.

Tambaya: Ni ba na son bel, yana shaƙe ni, yana kuma yamutsa mini riga. In kwana ya ƙare ai bel ba ya hanawa.

Amsa: Ba ya hanawa, gaskiya ne. Amma mun taso muna jin cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma kai da kanka kana kulle ƙofar gidanka da dare.

Ga abin da ke faruwa. Mota tana gudun 80, kai ma a cikinta gudun 80 kake yi. In ta daki abu ta tsaya, jikinka bai san an tsaya ba, zai ci gaba har sai ya samu abin da zai tare shi: sitiyari, ko gilashi, ko kwalta. Ƙarfin hannu ba ya riƙe wannan. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu wani injiniyan kamfanin Volvo ne mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin kuma ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta saboda ganin rayukan da yake ceta. A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi tun watan Janairun 2003.

Shaƙewar da kake ji kuwa rashin saiti ne. A ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya akwai wurin da ake ɗaga maƙalin bel ɗin ko a sauke shi, a yawancin motoci. Ya kamata ya ratsa tsakiyar kafaɗa, ba gefen wuya ba, na ƙasa kuma ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan tumbi ba. Mai juna biyu ma ta ɗaura, na ƙasan ya bi ta ƙarƙashin cikin. Masu zagaya shi ta bayan kujera su soka don ƙarar ta yi shiru, da masu yafa shi in sun hango jami'ai su saki in sun wuce, kansu suke yi wa wayo.

Na baya su ma su ɗaura. Mutumin da ke zaune bayan direba ba bel, in aka yi karo shi ne zai zo ya danne direban da dukkan nauyinsa.

Tambaya: Ai motata tana da balan-balan na kariya. Bai wadatar ba?

Amsa: An ƙera shi ne ya yi aiki tare da bel. Fitowarsa fashewa ce, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, in ya tarar da kai ka riga ka taho gaba to duka ne zai zame maka. Ka bar tazarar kamar taƙi guda da ɗan ƙari, wajen santimita 25, tsakanin ƙirjinka da sitiyari. Na gefe kada ya ɗora ƙafa a dashbod. Kada a jera kwalin tishu da turare da carbi a kan murfinsa.

Wani abin lura ga mai sayen motar hannu: wasu motocin sun yi hatsari a can, an gyara su, ba a mayar da balan-balan ɗin ba, aka cire ƙwan da ke tona asiri. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi duka ya kamata su kama na ɗan lokaci sannan su mutu, har da mai zanen mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Wadda ba ta kama ba sam, ka tambayi dalili.

Tambaya: Yaya ya kamata in saita kujera da madubai?

Amsa: Ka zauna bayanka manne da kujera, ka taka birki har ƙasa, gwiwarka ta kasance da ɗan lanƙwasa. Miƙa hannu, wuyan hannunka ya kai saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Kwantar da kujera can baya ana tuƙi da yatsu biyu, irin na samari, yana sa mutum ya zame ta ƙarƙashin bel in an yi karo. Matashin da ke saman kujera ba na jingina don barci ba ne, shi ke tare wuya in an dake ka ta baya, sai a ɗaga shi samansa ya yi daidai da saman kanka. Masu cire shi don hula ko ɗaurin ɗankwali ya zauna daidai, a sake tunani.

Madubin gefe ka buɗe shi har sai gefen motarka ya kusa ɓacewa daga ciki. Duk da haka akwai lungun da ba ya nunawa, kuma nan ne ɗan acaɓa ko mai a-daidaita-sahu yake maƙalewa, don haka kafin ka sauya layi ka ɗan waiga. Madubin tsakiya yana da ɗan harshe a ƙasansa, in na baya ya haske ka da dare ka ja shi, hasken zai dushe.

A yi duk wannan mota na tsaye. Mai babbar riga ya tattare hannuwanta a kafaɗa kafin ya kama sitiyari, Hajiya ta gyara mayafi yadda ba zai tare mata ganin gefe ba, silifa kuma da takalmi mai tsini suna iya maƙalewa ƙarƙashin birki. Haka robar ruwa da ke gangarawa a ƙasan kujerar direba.

Tambaya: Ina da yara ƙanana. Me ya kamata in sani?

Amsa: Wurinsu kujerar baya, duk wanda bai kai shekara 12 ba. Ɗora yaro a cinya a kujerar gaba, ko uba ya zaunar da shi tsakaninsa da sitiyari don nuna ƙauna, yana cikin mafi munin abin da nake gani a titi. A karo, yaron ne zai zama katifa tsakanin babba da dashbod. Jarirai suna da kujerarsu ta musamman da ake ɗaurewa da bel, tana kallon baya, kuma ba a sa ta a gaba inda akwai balan-balan.

Buɗe ƙofar baya ka dubi kaurinta kusa da makulli, za ka ga ɗan maɓalli ko rami. In ka juya shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba. A ƙofar direba kuma akwai maɓallin da ke hana na baya wasa da gilasai.

Kada a bar yaro shi kaɗai a mota ko na minti biyar, ko da an ɗan sauke gilashi, domin jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Motar da ta lalace aka jingine ta a ƙofar gida ko a lungu, a kulle ta. An sha jin labarin yaran da suka shiga wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su, ana ta cigiya a gari alhali suna nan kusa da gida.

Tambaya: Na saba da mai kuloci, yanzu na sayi atomatik. Akwai abin kiyayewa?

Amsa: Ƙafar hagu ta yi ritaya. Dama ce kaɗai ke taka totur da birki. Mota ta tsaya cak kafin ka mayar da giya daga D, ta tafiya gaba, zuwa R, ta baya, ko zuwa P, ta ajiye mota. In za ka ajiye ta a gangara, ka fara jan birkin hannu sannan ka sa P, don nauyin motar kada ya rataya a giya.

Lambobin da ke ƙasan D, wato 3 da 2 da L, na gangara ne da hawa. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos ya san yadda ƙafa ke daɗewa a kan birki. Birkin da aka daɗe ana takawa yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, birki ya huta. Ɗabi'ar sa mota a firi a gangara don tsimin mai ba ta da riba, kashe inji gaba ɗaya kuwa ganganci ne tsantsa: sitiyari zai yi tauri, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya zama kamar dutse.

Tambaya: Akwai maɓallan SET da RES a sitiyarina. Na mene ne?

Amsa: Na riƙe gudu ne. In ka kunna shi ka kai gudun da kake so ka danna SET, sai ka ɗauke ƙafa daga totur motar ta ci gaba a haka. Taɓa birki yana sakinsa, RES kuma yana mayar da kai gudun da ka saita. An yi shi ne don doguwar hanya mai santsi wadda ba cunkoso. A hanyar da rami ke iya ɓullowa ko garken shanu ya ratsa ko a tarar da shinge ba zato, amfaninsa kaɗan ne. Kada a kunna shi ana ruwa, kada kuma a kunna shi ana jin barci.

Tambaya: Na taka birki da ƙarfi sai na ji yana karkarwa a ƙafata yana ƙara. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, ABS ne ke aiki. Yana kama tayoyi yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda don kada su ƙame motar ta zame, kai kuma ka samu damar kauce wa abin da ke gabanka. In ka ji haka ka ƙara dannewa, kada ka ɗaga ƙafa. Bugun birki sama-sama da aka koya wa iyayenmu na tsofaffin motoci ne. Ka sani dai a kan yashi ko tsakuwa motar na iya ɗaukar nisa kafin ta tsaya.

Tambaya: Nawa ne gudun da doka ta yarda, kuma wace tazara zan bari?

Amsa: Ga ƙananan motocin gida a Najeriya, kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, sai in allo ya nuna ƙasa da haka. Wannan iyaka ce ta lokacin da komai ke daidai, ba ta daren da ake ruwa ba.

Abin da mutane ba sa ƙiyastawa shi ne, a gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Duba waya na daƙiƙa uku ya kai mita 80 da ɗoriya, kusan tsawon filin ƙwallo, ka yi shi ido rufe. Sannan in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Don auna tazara, zaɓi wata alama a gefen hanya, in motar gabanka ta wuce ta ka ƙirga daƙiƙa uku a nitse. In ka iso kafin ka gama, ka matse shi da yawa. Bayan tirela ko tankar mai a ƙara, kuma in ba ka hango madubin direbanta, shi ma ba ya ganinka.

Wajen wuce mota ana yawan asarar rai a hanyoyinmu da mai zuwa da mai dawowa ke bin kwalta ɗaya. Ba a wucewa a kwana, ko a kan tudu, ko a gada. Kuma don na gabanka ya fita ya wuce, ba hujja ba ce kai ma ka bi bayansa, shi ya ga hanya, kai bayansa kawai kake gani.

Tambaya: Tuƙi cikin hazon hunturu da tuƙin dare fa?

Amsa: A hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, tare da fitilun hazo in akwai. Babbar fitila tana dukan ƙura ta dawo maka ido. Kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, gilashi take kartawa, sai ka fara fesa ruwa, don haka tankin ruwan gilashi kada ya zauna wayam. Sigina huɗu na motar da ta tsaya ne ko ta samu matsala, in kana tafiya da su a kunne ba wanda zai san lokacin da za ka karya kwana.

Da dare, ka sauke babbar fitila in mota ta fuskanto ka. In shi ya ƙi saukewa, kada ka rama, makafi biyu ke nan a hanya ɗaya, ka mayar da ido gefen dama na kwalta ka rage gudu. Fitila ɗaya da ka hango tana tahowa kada ka yanke cewa babur ne, tana iya zama babbar mota mai ido ɗaya. Ganyaye ko rassan da aka jera a titi alama ce ta mota ta mutu a gaba, sau da yawa ba ko fitila a jikinta.

Barci kuwa ɓarawo ne, goro da kofi da ƙure rediyo jinkirta shi kawai suke yi. In ka ga ka fara lumshe ido ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, tsaya ka runtsa na minti ashirin. A watan azumi a kula da sa'o'in bayan azahar, da kuma rububin dab da magariba, lokacin da kowa ke son shan ruwa a gida.

Tambaya: Iska nawa zan sa a taya, kuma in ta fashe ina gudu yaya zan yi?

Amsa: Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙi akwai takarda da ta faɗi adadin, ga ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. In ka bar wa mai faci zaɓi, wani sai ya ɗura 45 ko 50 ya ce hanya za ka hau. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya.

Taya tana da ranar haihuwa. Nemi lambobi huɗu a gefenta bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra a Najeriya shekara huɗu suke lissafa wa taya daga wannan rana. Tayar hannu mai zane raɗau tana iya zama tsohuwa tukuf, wasu ma na ƙanƙara ne da aka yi don sanyin Turai, ba don kwaltar Maiduguri a watan Mayu ba.

In ta fashe, ƙafa za ta so ta ruga birki, hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ka tsayar da motar a layinta, ka ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali. Sai gudu ya ragu sosai sannan ka taɓa birki a tausashe ka gangara gefe.

Tambaya: Allurar zafi ta haura ja ina tsakiyar hanya. Me zan fara yi?

Amsa: Kashe esi nan take, ka nemi wuri ka sauka daga kwalta ka kashe inji. In wurin tsayawa da ɗan nisa, kunna hita ka ƙure fanka, tana janye wani zafin daga inji ko da kai za ka sha gumi. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, ruwan ciki a matse yake, zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. A jira kamar rabin awa. Haka in fitilar ja mai kama da butar shayi ta kama, wadda ke nuna baƙin mai ba ya zagayawa, ba a cewa bari in ƙarasa gida.

Da ka tsaya ka kunna sigina huɗu, ka kai alwatikan gargaɗi can baya da nisa yadda mai tahowa zai gan shi da wuri, fasinjoji kuma su fita ta ƙofar da ke gefen daji su tsaya nesa da titi. In hatsari ne ko akwai wanda ya ji rauni, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, dukansu kyauta ake kira. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a fizgo shi daga mota, sai fa in wuta ake tsoro.